Usur ɗin korar dabbobi: wata tara a goshin motata tsakanin Garwa da Gaundare

Sefa 3,500 na biya na karɓo wasu 'yan usur guda biyu na baƙar roba, kowanne bai kai tsawon babban yatsa ba, na manna su a goshin motata. Mai shagon kayan mota da ya sayar mini da su, can wajen babbar kasuwar Garwa a arewacin Kamaru, cewa ya yi iska ce ke busa su idan mota na gudu, kunnen ɗan Adam ba ya kama ƙarar, amma dabba tana ji tun daga nesa ta ba ka hanya. Yau wata tara ke nan. 'Yan uwana direbobi sun dame ni da tambaya a tasha ko su ma su saya, na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Shekarata 17 a kan wannan hanya. Tsohuwar Hilux gare ni, ina ɗaukar albasa da gyaɗa daga Garwa in kai Gaundare, in juyo da kayan 'yan kasuwa da jirgin ƙasa ya sauke, in akwai sauran wuri in ƙara da doyar Mbe. Sau biyu a mako, kusan kilomita 280 kowane zuwa. Wanda ya san hanyar ya san ba ta ƙananan motoci ba ce kawai: a Gaundare layin dogo ya ƙare, don haka kayan Arewa da wani kaso na kayan Cadi duk a bayan manyan motoci suke bi ta nan, dare da rana.

Abin da ya kai ni shagon nan, mariya ce, dabbar dajin nan dangin barewa. A watan Janairu, hazo ya sauka, mun yi sallar asuba mun kama hanya, gari bai gama wayewa ba. Mun wuce Banda kaɗan, inda ake ratsewa a shiga gandun dajin Binuwai, allura tana kan 90. Sai wani abu ja ya gilma ta gabana kamar an jefo shi. Na ce alhamdu lillahi ta tsira, ashe ta biyu na biye da ita. Ita na ɗauka. Lagireto ya fashe, fitilar dama ta tarwatse, murfin inji ya lanƙwashe. Sefa 140,000 gyaran ya ci, ban da kwana uku da na yi ban ɗauki kaya ba.

Ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba. Dabbar ba ta mutu nan take ba, tana kwance a gefen kwalta, ƙafafun baya sun karye, tana ta ƙoƙarin miƙewa da na gaba. Yaron motata ya ce, "Maigida, a yanka ta mana, kada ta zama mushe." Na yanka ta, amma don in hutar da ita, ban bari ya sa ta a mota ba. Da muka sami ma'aikatan gandun daji na ba su labari, babbansu ya ce na yi wa kaina gata, domin a dokar ƙasar nan wanda aka kama da naman dabbar da aka hana kashewa, ko fatarta, ko ƙahonta, shi ake ɗauka ya kashe ta. Ba mai tsayawa sauraron labarin birki.

To, wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Ina cikin wannan hali aka nuna mini usur, ban ko yi ciniki ba.

Kwalin kansa ya isa ya sa in yi tunani, da hankalina na tare da ni. Hoton da ke jiki na wata barewar ƙasar Turawa ce mai ƙaho kamar rassan bishiya, irin wadda ba a taɓa gani ba daga Falez, hawan dutsen da ke kusa da Gaundare, har tafkin Cadi. An rubuta cewa yana fara aiki idan mota ta kai gudun kilomita 50, kuma dabba tana jin sa daga mita 400. A ciki akwai usur biyu da ɗan lejen manni mai danƙo gaba da baya. Sawa ba wuya, minti biyar: ka goge wurin, ka ɓare takarda, ka danna, bakin ya fuskanci gaba. Wannan kam na yaba. Ba waya, ba batir, ba ka bukatar bakanike.

Gwajin farko birai ne suka yi mini shi kyauta. Duk mai bin hanyar nan ya san gwaggon biran da ke zama a bakin kwalta, wani lokaci garke guda, uwa da ɗa a bayanta, babban namijin ya harɗe a tsakiyar hanya kamar shi ya gina ta. Na tunkaro su a kan 60, wato usur na cikin aikinsa in ji kwali. Ko wuya ba su juya ba. Sai da na taka birki na danna oda, sannan babban ya tashi a hankali, ya matsa taku uku, ya bi ni da kallo. Na ce ƙila biri ne, ya saba da mutane. Ranar kasuwar Ngong na gwada a kan awaki da jakuna, haka. Kare, wanda kowa ya san yana jin sirirriyar ƙarar da mu ba ma ji, na wuce shi yana kwance a gefen hanya, kunnensa ko motsi bai yi ba.

Sai na sauke yarona a wani miƙaƙƙen wuri, na ce ya tsaya ya kasa kunne, na koma baya na taho a guje. Ya ce, "Wallahi maigida, inji na ji da ƙarar taya, sai buhunan da ke kaɗawa." Na ɓalle ɗaya na busa da bakina. Yana ƙara, wata 'yar siririya, kuma ni ɗan Adam na ji ta sarai. Kenan maganar cewa kunnen mutum ba ya kamawa ma ba haka take ba. Ƙarar tana nan, ƙarama ce kawai, kuma rurin injin gas ya haɗiye ta tun ba ta bar goshin mota ba. Tusa dai ba ta hura wuta.

Ƙarkonsa ma ba abin yabo ba ne. Zafin Garwa na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, ya narkar da danƙon, ɗaya ya faɗi a wani rami ban ma san inda ba. Wanda ya rage, da ruwan farko ya sauka shinge ya fito, sai ramin ya toshe da gawar ƙwari. Kowace tafiya sai na sa tsinken tsintsiya na sakace shi. Kafin nan ƙurar hunturu ce ke cika shi. Duk wanda ya ƙera abin nan bai taɓa shan ƙurar hanyarmu ba.

Amma babban laifinsa ba a jikinsa yake ba, a ƙafata yake. Bayan hatsarin nan na yi mako biyu ba na wuce 60 a tsakanin Gijiba da Gamba, wato yankin gandun. Da na manna usur, sai zuciyata ta kwanta, na ga allura ta koma 90 ba tare da na yi shawara da kowa ba. Na sayi abin tsaro, sai ya karɓe mini tsoron da ke tsare ni. Da ban sa shi ba, da na fi wata uku ina tafiya a hankali.

Na koma wa mai shagon da wannan bayani. Mutumin kirki ne, mun daɗe tare, ba na zarginsa da cuta, shi ma abin da ke jikin kwali ya karanta. Ya ce, "To Malam, tsakaninka da Allah, tun da ka sa, ka sake buge wata?" Na ce a'a, Alhaji. Ya ce, "To ka gani."

Wannan "ka gani" ɗin ta bi ni har gida, domin gaskiya ne ban sake buge babbar dabba ba. Sai dai abokan aikina da ba su sa komai ba su ma ba su buge ba. Ni kaina a shekara 17 sau ɗaya ya faru. Kawuna, wanda ya koya mini tuƙi, shi ya warware mini. Ya ja babbar mota a hanyar nan tun wajen 1980, yanzu ido ya yi rauni yana gida. Da na nuna masa usur ɗin ya jujjuya shi, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, me za ka kora? A zamaninmu kashe mota muke yi mu jira ɓauna su gama ƙetarewa. Gwanki, kanki, gadu da 'ya'yansa a jere wutsiya a sama. Yanzu in ka ga mariya biyu sai ka zo gida kana ba da labari."

Haka ne kuwa. Gandun Binuwai yana gabas da kwalta, faɗinsa murabba'in kilomita 1,800, an keɓe shi tun 1932, ya zama cikakken gandun ƙasa a 1968, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerinta a 1981. Can yamma akwai gandun Faro, a tsakaninsu yankunan farauta da gwamnati ke bayarwa haya. Dabba ba ta san wannan rabo ba. Ita dai ta san inda ruwa yake da rani, da inda ciyawa take da damina, kuma hanyar kakanninta ta ratsa ta daidai inda aka shimfiɗa kwalta. Shi ya sa aka ware wasu wurare a bakin hanya aka ce na ƙetarewar dabbobi ne, aka kafa alluna. Ku duba da kyau in kun zo wucewa: wani allon, gonar masara ce ko ta auduga a gindinsa, gaba kaɗan buhunan gawayi a jere ana jiran mai saye.

Ba na zagin manoman nan. Yawancinsu daga can Arewa Mai Nisa, ƙarshen arewacin Kamaru, suka taso, ƙasa ta yi musu kaɗan, tun bayan da aka gama madatsar Lagdo a 1982 mutane ke gangarowa kudu. Kuma kowa bakin hanya yake so, inda zai sayar da itacensa, ya sami motar asibiti. Ni ma da ni ne nan zan zauna, kuma gawayin da ake dafa mini abinci da shi a gida ba daga sama ya faɗo ba, a bayan motata yake zuwa. Ƙauye ya haɗe da ƙauye, masu haƙar zinariya sun shiga cikin dajin, shanu sun bi su. Hanyar da ta kashe mariya ɗaya da goshin motata ta kori dubu ba tare da ta taɓa su ba. Karkandan yankin nan, wanda a duniya duka nan arewacin Kamaru ne mafakarsa ta ƙarshe, a 2011 aka sanar cewa ya ƙare ƙaf. Shirun da mai shago yake jingina wa usur ɗinsa, wannan shirun ne.

Wani fasinja da na taɓa ɗauka daga Gaundare, ɗan Cadi, ɗalibi a makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa, wadda tun 1970 take horar da ma'aikatan gandu daga ƙasashen Afirka da dama, shi ya ƙara buɗe mini ido. Da ya ga abin a goshin mota sai ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ai an gwada wannan." Ya ce masu bincike a jami'ar Jojiya ta Amurka sun ɗaura wa mota na'urar fitar da irin wannan sauti, suka yi ta wuce barewar ƙasarsu suna lura, ba su ga ya sa ta kauce wa hanya ba. Ga shi a kan dabbar da aka zana a kwalin ma bai ci ba, balle mariyar Binuwai.

Sannan ya ce wani abu da na daɗe ina gani ban haɗa shi wuri ɗaya ba: dabbar da ke kan hanya ba kurma ba ce. Motar da ake jin rurinta daga kilomita guda, wane usur za a ƙara mata? Abin da ya kawo ta ya fi ƙarfin tsoron ƙara. Na yi ta lissafawa a zuci muna tafiya. Masara da gero da ke tsiyaya daga buhunan manyan motoci, su ke tara zabin daji da fakara da kurciya a kan kwalta da sassafe. Ɓawon ayaba da guntun burodi da fasinjojin bas ke jefowa ta taga, su suka mayar da gwaggon biri maroƙi, har ya koya wa 'ya'yansa cewa ƙarar mota kiran abinci ce. Kwalta tana riƙe ɗumin rana, sai maciji da damo su hau su kwanta bayan magariba. In an ƙone ciyawar bakin hanya da farkon rani, sabon tofo ya fito kore shar, nan za ka ga gada da zomo. Ramukan da masu aikin hanya suka ɗebi ƙasa suka bari, su ke riƙe ruwa bayan ko'ina ya bushe. Mu muka shimfiɗa musu tabarma, muka zuba abinci, sannan muka sayi usur na sefa 3,500 wai su tashi.

Ƙananan kuwa ba mai ƙirga su, don ba sa fasa lagireto. Bushiya in ta ji tsoro dunƙulewa take yi, dabarar da ta fisshe ta daga bakin dila amma ba ta fisshe ta daga taya. Hawainiya tana tsakiyar hanya tana taku ɗaya tana shawara. Kunkuru haka. Yautai yana zaune a kan kwalta da dare, idonsa na ƙyalli ja a cikin fitila, ba ya tashi sai ka zo kansa. Daren da aka yi ruwan farko, kwaɗi sukan rufe hanya a wajen mayo-mayon nan, wato rafuka, har ka ji taya na taɓa su, ba yadda za ka yi. Ko usur ɗin yana aiki, wanne daga cikin waɗannan zai iya gudu? Wata safiya a watan Yuni, tsakanin Guna da Mbe, na ga bushiya huɗu da mesa ɗaya a shimfiɗe, kuma usur na goshina fes, na sakace shi da hannuna kafin mu taso.

Gawa kuma tana kiran gawa. Abin da aka take da dare, da safe shirwa da ungulu za su sauka a kansa, ungulu kuwa in ta ƙoshi tashi na yi mata nauyi, sai mota ta biyu ta same ta. Ga ungulun ma sun yi ƙaranci, waɗanda muka taso muna kora a mahauta yanzu sai ka yi kwanaki ba ka ga ɗaya ba. Tun daga safiyar nan ta watan Yuni nake tsayawa, in wurin ba kwana ba ne, in sa yaro ya ja mushen da sanda ya jefa cikin ciyawa. Minti ɗaya ne. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, haka muka ji daga malamai, ban kuma ji an ce sai hanyar mutane kaɗai ba.

Ɗalibin nan ya yi mini wani lissafi a bayan takardar kuɗin hanya, na ajiye ta. Mota a kan 90 tana cin mita 25 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gaya wa ƙafa ta taka birki, daƙiƙa guda ta tafi, mita 25 ke nan ba ka rage komai ba, sannan birkin kansa ya nemi wajen mita 40 a busasshiyar kwalta, in tayoyinka na da kyau kuma ba ka yi lodi ba. Ƙaramar fitila kuwa da ƙyar take nuna maka mita 50. Wato da dare a kan 90, abin da ka gani ka riga ka buge shi. A kan 60, duka-duka ba ka kai mita 40 ba ka tsaya. Na lissafa abin da ragewar ke ci mini a wannan yanki na gandu, bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Shayin da nake tsayawa sha a Mbe ya fi haka.

Ya ba ni labarin wasu ƙasashe. A Tanzaniya babbar hanya ta ratsa gandun Mikumi, sai suka zuba tudun rage gudu, suka sa tara ga wanda ya buge dabba. A Kanada, gandun Banff, shinge suka yi wa hanya suka gina wa dabbobi gadoji ta sama da ramuka ta ƙasa, karo da dabbobi ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Na ce masa ɗana, mu da ke roƙon a cike mana ramuka, wa zai gina wa gwanki gada? Amma tudun rage gudu ai muna da su a kowane ƙauye, har sun yi yawa. A wuraren ƙetarewar dabbobi ne babu. Ramukan hanya su ne kaɗai ke rage mana gudu a can, kuma ina tsoron ranar da za a gyara hanyar ta yi sumul ba a yi wannan tunani ba.

Ga wanda ke da sefa 3,500 yana son ya kashe su don kada ya buge dabba, ga inda na ga amfani. Ka sa a wanke maka gilashin fitilunka da ya dushe, a daidaita su, su daina kallon sama. Ka canja robar share gilashi. Kada ka ruɗu da dogayen fitilun nan farare da samari ke ɗaurawa a saman mota: suna nuna nesa, gaskiya ne, amma suna makantar da dabba ta daskare a wurin, zomo ma sai ya shiga cikin hasken ya yi ta gudu a gabanka, ga direban da ke tahowa ka kashe masa ido. In ka ga ido na ƙyalli, rage gudu, sauke fitila, ka ɗan taɓa oda gajere. In ɗaya ta gilma, ka ɗauka akwai ta biyu, wannan da kuɗina na saye shi. Kada ka fizge sitiyari saboda zomo ka kifar da mutane. In kana da zaɓi, kada ketowar alfijir ko faɗuwar rana ta same ka tsakanin Gijiba da Gamba. Ni yanzu na gwammace in bar Garwa bayan hantsi ya ɗaga, in sha rana.

Usur kuwa, ban ba kowa shawarar saye ba, ko an rage masa kuɗi. Sauƙin sawa ne kawai abin da zan yaba, sai kuma cewa ba ya shan mai. Makon jiya na ɓamɓare wanda ya rage, danƙon ya taho da fenti, ya bar mini tabo kamar kwabo a goshin mota. Na ba autana, yana ta busa shi a tsakar gida tun safe. Uwarsa ta ce in karɓe ko ta jefa shi a murhu. Kajin gidan suna gabansa suna tsattsagar dusa, ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba.